Wasiƙar da ta tsira daga wuta a Akokan

Da aka rufe mahaƙar COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, iyalai da yawa sun ɗaure kaya sun bar Akokan, har da mu. Ana cikin tattara komatsai Inna ta zazzage tsohuwar adaka, ta ware takardu gefe don a ƙona. Na ce, "Inna, ki bari in duba tukuna." Ta ce, "Me za ka yi da wannan tarkace?"

A cikin tarkacen na tsinci wasiƙar ajami, an naɗe ta cikin tsumma. Ta girmi garin da muke ciki, domin sai a 1969 aka kafa Arlit, shekara 9 bayan samun 'yancin kai. Kakana ne ya aiko ta daga Kano zuwa ga yayansa a Damagaram, zamanin da mutane ke tsallakawa ƙasar Ingilishi don gudun harajin Faransawa da aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Mahaifina ya taho da ita lokacin da ya zo neman aiki, bai taɓa gaya mana ba.

Rabin wasiƙar gaisuwa ce. A gaida wane, a gaida wance, har da maƙwabta. Sai ya ce ya aiko da turmin zane ta hannun wani bafatake, a ba tsohuwa. Can ƙarshe layi ɗaya: kada a jira shi daminar bana. Bai faɗi dalili ba, kuma ba zai iya ba. Malami ne ya rubuta masa, wani malamin zai karanta a zaure gaban jama'a, ga kuma hannun ɗan aike a tsakani. Wanda ya gudu wa aikin tilas ba ya rubuta cewa gudu ya yi.

Wasu abokaina sun ce ai babu tarihi a nan, gaisuwa ce kawai. Ban yarda ba. Rahoton kwamanda yana ajiye a Aix-en-Provence, ya ƙidaya kawuna da kuɗin haraji. Kamfani ma yana da lissafin tan nawa aka haƙo. Wa ya rubuta cewa wata tsohuwa ta kwana tana duban hanya? Jerin sunayen da ake rainawa shi kaɗai ya nuna mini su wa ke gidanmu a wancan lokaci.

Iyayenmu na Arlit haka suka gada. Daga Maraɗi da Tawa da Damagaram suka zo, suna aika takarda ta hannun direba, daga baya kaset. Mu kuwa sai saƙon murya a WhatsApp, wanda ke tafiya ranar da waya ta faɗa ruwa.

Cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai tana da sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami. Ina ganin ya kamata su aiko mutane Arlit da Akokan da Cirozerin, gida gida, su ɗauki hoton abin da ya rage, su bar wa masu shi asalin. Mu ma ba sai mun jira su ba, ko kyamarar waya ta isa.

A ranar dai takarda huɗu na tsamo. Sauran Inna ta riga ta hura wutar shayi da su.