Gyaran lotsar ƙofar mota ba da sabon fenti ba

Ranar kasuwa, amalanke ko ƙahon sa yakan lotsa ƙofar mota. Sai mai mota ya ce a biya shi kuɗin fentin ƙofa duka. Kafin manomi ya kwance lalitarsa, ya dubi wurin da kyau.

In fenti bai tsage ba, ba a bukatar sabo. Mai gyara yana cire rufin cikin ƙofa, ya zura sandar ƙarfe ta baya, ya riƙa turo wurin kaɗan-kaɗan. Yana haska fitila don ya ga inda ya rage. In ya yi gaggawa, ƙarfen sai ya kumburo waje. Wannan aiki bai kai fenti tsada ba.

Amma in fenti ya ɓare, dole a shafa sabo, don ruwan damana yana kawo tsatsa.