Ku shiga ɗakin tsohon nan ku yi masa wanka

Akwai gidajen da in ka je dubiya, tun daga bakin ƙofa hayaƙin turaren wuta zai tare ka, kafin ka gama gaisuwa kuma zarnin fitsari ya taso ya danne shi. Ba don baƙo aka kunna turaren ba, ƙazanta ake son rufewa. Dattijon da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki yana nan kwance a kan katifar da rabonta da rana tun ranar da aka sallamo shi daga asibiti. 'Ya'yansa kuwa, masha Allah, gida cike, kowa da sana'arsa.

Da ku nake, musamman 'ya'ya maza. Ku kawo lemo da ayaba, ku tsaya daga nesa ku ce "Baba ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi," ku fice. Wanka kuma an bar wa tsohuwar matarsa, wadda ita ma da ƙyar take miƙewa, ko a jibga wa ƙaramin yaron da bai iya juya babban mutum ba. In an yi magana ku ce wai kuna jin nauyinsa. Wace irin kunya ce take barin mahaifi ya kwana cikin bayan gidansa? Ƙyanƙyami ne kawai, kuka naɗa masa rawanin kunya. Wasu kuma su ce sanyi zai kama shi, a tsakiyar zafin Afrilu, mutum yana jiƙe sharkaf da gumi!

Amma ranar da rai ya yi halinsa, nan za a ga himma. A nemo ganyen magarya da kafur, a yi wanka sau uku cikin natsuwa, a sayo likkafani sabo fil. Haƙƙinsa ne, ba wanda ya musa. To, wankan da zai ji daɗinsa da ransa, har ya sa muku albarka, shi wa ya hana?

Kuma aikin ba wani tashin hankali ba ne. Roba biyu na ruwan ɗumi, sabulu marar ƙarfi, tsumma mai laushi, tawul, da leda a ƙarƙashin zanen gado. A taɓa ruwan da gwiwar hannu tukuna, domin ɓangaren da ya shanye ba lallai ya ji ƙuna ba. A rufe ƙofa, a lulluɓe shi da zane, inda ake wankewa kaɗai za a buɗe. Daga fuska ake farawa, sai hannuwa, ƙirji, ƙafafu, a juya shi a goge baya, al'aura a ƙarshe da sabon ruwa. In mace ce, daga gaba zuwa baya. A tsane hammata da matsematsi da tsakanin yatsu sosai, a shafa man kaɗanya inda fata ta bushe. Namiji ya yi wa namiji, mace ta yi wa mace, miji da mata kuwa babu shamaki. Ka riƙa gaya masa abin da za ka yi kafin ka yi. Bakinsa ne ya karkace, kunnensa na ji. In ka gama ka yi masa alwala ya yi sallarsa.

Lokacin wankan ne kuma ake gano gyambon kwanciya tun bai fashe ba. Ku duba ƙashin gindi, ƙugu, diddige, kafaɗa da ƙeya. Duk inda fata ta sauya launi ko ta yi zafi ko tauri, kada a murza, a ɗauke nauyi daga wurin. Shi ya sa ma'aikatan jinya suke cewa a juya majinyaci duk bayan awa 2. Gyambon nan kan ci nama har ƙashi, ƙwayar cuta ta shiga jini ta kashe, sai a ce ciwon ne ya tashi.

Kai babban wa, tara ƙannenka yau ku raba kwanakin mako, ka sa sunanka a farko. In kuma kun tarar fatar ta riga ta buɗe, ku kira ma'aikacin jinya, kada ku barbaɗa mata garin magani ku rufe.