Kekunan Haya na Jama'a: A Ina Ya Dace A Kafa Tashoshi?

Tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na kabu-kabu ya yi wa talaka nauyi. Manomin da ya taso daga Ruwan Ɓore ko Tsafe ko Bungudu, idan ya sauka tasha a Gusau, sai ya sake biyan wani kuɗin kafin ya kai asibiti ko kasuwa. Wannan ne ya sa muka waiwayi tsarin kekunan haya, inda mutum zai ɗauki keke a wata tasha, ya ajiye shi a wata.

Birnin Faris na Faransa ya fara nasa shirin, Vélib', a 2007, da tashoshi masu tazarar kimanin mita 300. A Afirka kuwa, birnin Marrakesh na Maroko ya soma nasa a 2016. Darasin da muka ɗauka shi ne: sayen kekuna abu ne mai sauƙi, zaɓen wurin ajiye su ne babban aiki. A biranen ƙasar Sin, a 2017 da 2018, an zuba kekuna fiye da bukata, har suka zama tsibin ƙarfe.

Masana tsara birane na fara wa ne da ƙidaya: mutum nawa ke sauka a kowace tasha, ƙarfe nawa, kuma ina suke nufa. Daga nan sai a bai wa kwamfuta waɗannan alƙaluma da adadin kuɗin da ake da shi, ta gwada wurare daban-daban, ta fitar da waɗanda mafi yawan jama'a za su iske da 'yar tafiyar ƙafa. Haka zalika, ana la'akari da cewa da safe kekuna kan kwarara gefe guda, wata tasha ta cika, wata ta zama wayam, sai an kwaso su an mayar.

Idan za a gwada wannan a Gusau, ƙidayar ce za ta nuna rabon da ya dace da Babbar Kasuwa, Asibitin Yariman Bakura, Sakatariyar J.B. Yakubu da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013. Wajibi ne kuma a duba tsaro, hasken dare da halin hanya da damina.

Don haka muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi, hakimai da shugabannin tasha da su soma tattara waɗannan bayanai tun yanzu. Tashar da aka kafa don a faranta wa wani babba rai, kekunanta tsatsa za su yi, kuma dukiyar al'umma ce ta salwanta.