Hayaƙin Salansa Jawabi Ne

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar jami'a da sanyin safiya, ko kuwa a harabar sakatariya sa'ad da ma'aikata ke hanzarin sa hannu a rajista, ya san abin da za mu yi magana a kansa. Mota ce za ta shigo tana tafe tana tari, bayanta ya turnuƙe kamar an cinna wa bola wuta, masu tafiya a ƙasa suna toshe hanci, mai ita kuwa ya ɗaure fuska yana duban gaba, sai ka ce ba daga tasa motar abin yake fitowa ba. Yawancin masu irin waɗannan motoci 'yan'uwanmu ne, waɗanda suka gama bautar ƙasa bara ko bara waccan, suka sami ɗan aiki, suka yi adashi ko suka ci bashi suka sayi ta hannu. Gobe kuma mu ne a kan layi.

Masu iya magana sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Ra'ayinmu shi ne hayaƙin salansa ma jawabi ne, kuma abin kunya ne a ce mutumin da ya shekara huɗu yana koyon bincike da kafa hujja ya kasa sauraronsa. Kuskure biyu muke yi. Waɗansunmu sukan yi biris da hayaƙin har ranar da injin zai buga a tsakiyar daji. Waɗansu kuwa da ganinsa sai su ruga gareji, bakanike ya ce sai an sauke inji, su amsa ba tare da tambaya ko ɗaya ba.

Wani abokinmu, wata bakwai da kama aiki, motarsa ta fara baƙin hayaƙi. Aka ce masa ringi ne, aka sauke inji, ya zuba albashin wata uku har da rance, aka ɗora, hayaƙi kuwa yana nan inda yake. Daga baya wani dattijon bakanike ya kwance fulogai ya duba, ya buɗe matatar iska, bai cika sa'a guda ba ya gano cewa matatar ce ta toshe da ƙura, kuma nozul ɗaya yana yoyon fetur. Har yanzu abokin namu yana biyan bashin aikin da tun farko ba a bukace shi ba.

Ba kullum haka abin yake ba. A 1975, shekarar da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, a shekarar ce kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, ƙaramin ma'aikaci mai digiri yana iya sa ran sabuwar mota. Yau kuwa sai wadda wani ya gaji da ita. Rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 zuwa waje, kuma Afirka ce kan gaba wajen karɓarsu. Tun da tsohuwar mota ce rabonmu, lalle ne mu koyi harshenta.

Harshen kuwa ba shi da wuya. Inji murhu ne rufaffe. A cikin kowace silinda fetur da iska kaɗai ya kamata su haɗu, kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur in an auna da nauyi, sa'an nan fulogi ya ƙyasta musu wuta, ƙarfin fashewar ya tura fistin. Baƙin mai yana zagayawa ta hanyarsa yana hana ƙarafa cin juna, ruwa yana bin tasa yana sanyaya injin, kuma ba a yarda ko ɗayansu ya shiga ɗakin wuta ba. Saboda haka hayaƙi iri uku ne: baƙi in fetur ya yi yawa, shuɗi in baƙin mai ya shiga, fari in ruwa ya shiga.

Mu fara da baƙi, domin shi ya fi tsoratar da mutane alhali kuwa sau da yawa shi ya fi sauƙin magani. Ma'anarsa ita ce fetur ya fi ƙarfin iskar da za ta ƙone shi. A ƙasa irin tamu, inda ƙurar hunturu ke shiga har cikin akwatin tufafi, abin da za a fara dubawa shi ne matatar iska, wadda makanikai ke kira iyakilina. In motar mai kafireta ce, irin su Peugeot 504 da har yanzu ake gani a tashoshinmu, sai a duba ko cok ya maƙale, ko kuwa kafiretar tana ambaliya. In mai nozul ce, wataƙila nozul ke yoyo, ko kuwa ɗaya daga cikin na'urorin da ke auna iska da zafin ruwa tana kai wa kwamfutar motar labarin ƙarya. Motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da kafar da ake jona na'urar bincike ta faɗi inda ya kamata a duba. Amma sauƙin maganin kada ya sa a yi sakaci. Tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023, baƙin hayaƙi albashi ne ke fita ta salansa. Bugu da ƙari, fetur ɗin da bai ƙone ba yakan wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya tsinka wanda ke ƙasa, ringi su cinye. Watau baƙin hayaƙin da aka ƙyale bana, shi ne shuɗin baɗi.

Shuɗin hayaƙi, mai ƙauri, alama ce ta ƙonewar baƙin mai. A nan launi kaɗai bai isa ba, sai an lura da lokacin da yake fitowa. In mota ta kwana, aka tayar da ita ta feso shuɗi, bayan ɗan lokaci ya ɗauke, ko kuwa ta feso shi bayan ta daɗe tsaye a cunkoso, ko bayan an sauko gangare ƙafa ba ta kan totur, to, galibi robobin da ke wuyan bawul ne suka bushe, mai yana tsiyaya ta sama. Waɗannan ana canja su injin yana zaune a mazauninsa. In kuwa hayaƙin yana ƙaruwa ne duk sa'ad da aka taka totur, musamman a hawa ko da kaya, kuma motar ta rage ƙarfi, sai a fara zargin ringi da jikin silinda. Ko a nan ma akwai abubuwan da za a kawar tukuna. A zaro gejin mai a gani ko yaron gareji ya zuba ya wuce alama ranar juye. A duba ɗan bawul ɗin da baƙin mai ke numfashi ta cikinsa, domin in ya lalace yakan sa inji mai lafiya ya sha mai. In motar tana da tabo, shi ma a duba shi.

Fari kuwa iri biyu ne. Siririn tururin da ke fita da asubar hunturu ya ɓace nan take ba ciwo ba ne, domin ƙonewar fetur da kanta tana haifar da ruwa. Wanda ake tsoro shi ne mai kauri, wanda ba ya ɗaukewa ko da injin ya yi ɗumi. Wannan ruwan lagireto ne ya sami hanya, ko dai gaskit ɗin da ke ƙarƙashin tof silinda ya ƙone, ko tof silindar ta lanƙwashe ko ta tsage, kuma yawanci za a tarar motar ta taɓa ɗaukar zafi. Shaidunsa uku ne: ruwa yana raguwa ba a ga inda ya zuba ba, kumfa tana tasowa a bakin lagireto in an tayar da injin, baƙin mai kuma ya koma kamar shayi da madara. Kada a kuskura a buɗe murfin lagireto injin yana da zafi. Wanda ya ga waɗannan alamu ya ajiye motar, domin ruwa ba ya matsuwa kamar iska, in ya taru a silinda yana iya lanƙwasa sandar fistin. Mai tsohuwar mota ya kuma lura da man birki, don in yana raguwa ba a ga yoyo ba, mai yiwuwa injin ne ke tsotse shi, shi ma farin hayaƙi yake yi. A motar dizal kuwa, fari mai yaji a ido galibi man ne bai ƙone ba.

Bayan ido sai gwaji. Na farko kyauta ne: a kwance fulogai a jera su bi da bi. Mai busasshen baƙin gawayi yana nuna yawan fetur, mai danƙon mai yana nuna baƙin mai, wanda ya fita fes kamar an wanke shi alhali 'yan'uwansa sun yi datti yana nuna ruwa. Na biyu shi ne awon matsin silinda da ɗan agogon da ake ɗaurawa a gurbin fulogi. A lafiyayyen inji, silindu ba su cika bambanta da juna fiye da kashi 10 cikin 100 ba. In ɗaya ta gaza, a zuba mata cokali guda na baƙin mai a sake awo: in matsin ya tashi, ringi ne, in bai motsa ba, a nemi laifin wajen bawul ko gaskit. In biyu maƙwabta suka gaza tare, gaskit ne ya ƙone a tsakaninsu. Wannan awo bai kai sa'a guda ba. Muna ganin kada kowa ya yarda a sauke masa inji sai an yi shi a gabansa, ya rubuta lambobin da hannunsa.

Wani zai ce mu ba makanikai ba ne, kowa da sana'arsa. Gaskiya ne, kuma ba mu ce kowa ya ɗauki sifana ba, ba mu kuma zo cin mutuncin makanikai ba. Mafi yawansu sun koyi aiki da hannu tun suna yara, sun san abin da ba ya cikin littattafanmu, kuma da basirarsu ce motocin da masu ƙera su suka yafe tuntuni ke ci gaba da kai mata asibiti da kaya kasuwa. Amma bakanike yana ganin motar sa'a ɗaya ne, mai ita kuwa kullum. Wanda ya je ya ce "tana hayaƙi" ya bar bakanike da lalube. Wanda ya ce "shuɗi take yi da safe, bayan minti biyu ya ɗauke, kuma ina ƙara mai duk mako biyu" ya yi masa rabin aiki. Sanin wurin bugu shi ne ƙira. Bakaniken kirki yakan ji daɗin irin wannan bayani, wanda kuwa ya fusata don an tambaye shi hujja ya nuna maka ko shi wane ne.

Dole kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, da yawa daga cikin hayaƙin nan mu muka jawo shi. Mota tana saukowa daga Kwatano sai a cire mata tamostat, wai ƙasarmu da zafi, alhali shi ne ke sa injin ya kai zafin da aka tsara masa. In babu shi kwamfuta takan ɗauka injin bai yi ɗumi ba, ta yi ta ƙara fetur. Muna ɗura wa lagireto ruwan rijiya maimakon ruwan da aka haɗa domin sanyaya inji, tsatsa ta toshe hanyoyi, mota ta ɗau zafi, gaskit ya ƙone. Muna jinkirta juye, muna sayen baƙin man da ba mu san asalinsa ba don ya fi araha. In shuɗi ya bayyana sai mu zuba mai kauri don a rufe shi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Wannan dabara ta mai kauri dillalai ma sun san ta. Saboda haka mai shirin sayen ta hannu ya je da sassafe, ya taɓa injin ya tabbata da sanyinsa, ya sa wani ya tayar shi kuwa yana tsaye a baya, sa'an nan a hau titi da ita wani yana biye yana kallon salansa. Motar da ka tarar an riga an ɗumama maka, cinikin biri a sama ne.

Maganar ba ta aljihu kaɗai ba ce. Wanda ke cikin mota ya wuce, mai shaƙar hayaƙin shi ne yarinya mai talla a bakin danja, da ɗan sandan da ke ba da hannu, da ɗalibin da ke jiran bas. A 2012 hukumar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji. Injin da ke shan fetur fiye da kima kuma yana ƙara fitar da iskar nan mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe mutum a rufaffen wuri. Mu da muke rubuta ƙasidu a kan haƙƙin talaka, bai kamata mu fesa masa guba a fuska kowace safiya ba.

Muna kira ga ƙungiyar ɗalibai ta ware rana guda a kowane zango, ta gayyato ƙwararrun makanikai daga gari, ta haɗa su da malamai da ɗaliban sashen injiniya, a buɗe bonet a fili kowa ya ga matatar iska da fulogi da agogon awon matsi da idonsa. Kafin wannan rana ta zo, duk mai mota a cikinmu ya sami ɗan littafi ya ajiye a ciki, ya riƙa rubuta ranar juye, da yawan man da ya ƙara, da launin hayaƙin da ya gani da lokacin da ya gan shi. Gobe da safe kuma, kafin ya ja, ya fito ya zagaya baya ya duba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.