Gidan da babu kaka a ciki

Mai karatu, idan ka leƙa gidajen haya na unguwar Gamboru a Maiduguri, sau da yawa abin da za ka tarar shi ne ɗaki da falo, miji da mata da yara biyu ko uku. Ba kaka, ba gwaggo. Tsohuwa tana ƙauye, ko tana wata unguwar da gudun hijira ya ajiye ta. Mu dai sai mu ce "sun ware". Japanawa kuwa sun raɗa wa irin wannan gida suna, kakukazoku: kaku cibiya ke nan, kazoku kuma iyali.

Da can suna da tsarin da suke kira ie, mai kama da gandunmu. Babban ɗa ne ke gadon gida, amarya ta tare wurin surukai. Gyaran doka na 1947 ya soke tsarin. Sai masana'antu suka kwashe matasa zuwa Tokyo da Osaka, a 1955 kuma gwamnati ta kafa hukumar gina benayen haya, galibi ɗaki biyu da kicin. Ina za a sa kaka a nan?

Mata da yawa sun sami sauƙi, kuma wadda ta taɓa zama da uwar miji mai faɗa ba sai an yi mata bayani ba. Amma ranar haihuwa gidan yakan yi wa mace faɗi. Shi ya sa har yau Japanawa ba su yar da satogaeri ba, wato mai ciki ta koma gidan iyayenta ta haihu, kamar dai wankan gida a wurinmu.

To, ke da mahaifiyarki ta yi nisa fa? Maigida, tun ciki na wata bakwai ku zauna ku tsayar da wadda za ta kwana da mai jego, ko maƙwabciya ce. Aikinta ya wuce dafa ruwan wanka da dama kunu. Ita ce za ta lura da zubar jini mai yawa, zazzaɓi, matsanancin ciwon kai, kumburin fuska, ko mai jegon da ta daina barci sai kuka. Kowanne daga cikinsu na asibiti ne, ba a jira ka dawo daga kasuwa. Ka bar mata kuɗin Keke Napep da lambar mai keken.