A Fara Duba Ƙaramin Ciwo Kafin A Farke Injin

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in yi magana a kan wata ɗabi'a da ke cinye dukiyar masu manyan motoci a ƙasar Gaya da Ajingi. Ɗabi'ar kuwa ita ce, da mota ta tsaya sai a zarce wa babban gyara, ba a tsaya an duba ƙananan abubuwa ba. Hausawa na cewa gani ya kori ji, to ni na gani a gidanmu.

Mahaifina yana da tsohuwar Marsandi 911, irin wadda kamfanin ANAMMCO na Inugu ya riƙa haɗawa bayan buɗe shi a 1980. Da ita muke ci, da ita ake biya mini kuɗin makaranta. A hutun hunturun da ya wuce, an yi mata lodin wake daga Ajingi za a kai kasuwar Wudil ta ranar Juma'a, ni kuma na bi a matsayin yaron mota. Kafin mu iso Gaya sai ta fara rage ƙarfi, can ta mutu. Da ta huta kaɗan sai ta tashi, mu ɗan taɓa tafiya, ta sake mutuwa.

Aka kira wani bakanike. Ko zagaya motar bai yi ba, ya ce injekta ce. Ya kwance ta, aka tafi da ita Kano, aka sayo kaya a Ƙofar Ruwa. Kwana uku muna kwance a bakin hanya muna gadin buhuna cikin sanyi. Aka ɗaura, muka tashi da murna, ba mu yi nisa ba ta koma gidan jiya. Kasuwa ta ci ba mu, mai wake ya sauke kayansa ya ba wata mota.

Muna nan jugum sai ga wani dattijo, tsohon direba, a kan keke. Ya tambayi mahaifina yadda take yi, ya saurara har ƙarshe. Sa'an nan ya je ya murɗa murfin tankin mai, sai muka ji iska ta ja, fuu! Ashe ɗan ramin da tanki yake shaƙar iska ta cikinsa ne ƙura da maiƙo suka toshe. Dalili kuwa, in gas yana fita iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, famfo ba zai iya janyo mai ba. In mota ta huta, iska ta ɗan sulale ciki, sai ta tashi. Da guntuwar waya ya huda ramin. Ya ce da ni, "Yaro, mota tana faɗin ciwonta, sai dai a rasa mai saurare."

Tun daga ranar nake lura a gareji, na ga irin wannan ba ta da iyaka. A ce batir ya mutu a sayi sabo, alhali kan batir ne ya yi tsatsa ko ya saki. Injin ya ɗauki zafi a yi shirin sauke kansa, alhali fambel ne ya yi sako-sako, ko ƙaiƙayi ya cushe gaban lagireto. Gas ya ƙare a zuba wani, mota ta ƙi tashi a tuhumi nozul, alhali iska ce ta shiga bututu, sai an buga famfon hannu an fitar da ita. Fitila ta ɗauke a yi ta yankan waya, ba wanda ya duba fis. Ga ƙurar hunturu da ke toshe filtar iska har mota ta riƙa baƙin hayaƙi.

To laifin wa ke nan? Ni dai a ganina ba na kanikawa ne kaɗai ba. Gaskiya ne wasu suna da garaje, wasu kuma an yaye su ba su ƙware ba. Amma iyayenmu masu mota su ma da nasu. In bakanike ya gano ciwo cikin minti biyar, sai a ba shi na goro a ce ai bai yi komai ba. In kuwa ya baje injin a ƙasa, sai a biya shi da yawa har da godiya. Ashe mu ne muke koya masa baje injin.

Wani zai ce tsohuwar mota ai babban ciwo gare ta. Haka ne wani lokaci. Amma duba murfi da fis da kan batir ba ya cin rabin sa'a, kuma ba ya cin ko kwabo. In ba a sami komai a nan ba, babban gyara yana nan yana jira.

Saboda haka ina roƙon kanikawanmu su tambayi direba tukuna, su fara daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Iyayenmu kuma su biya sani, ba yawan ƙusoshin da aka kwance ba. Mu ɗalibai da ke zuwa gareji lokacin hutu, mu tafi da abin da aka koya mana a ajin kimiyya, domin darasin matsin iska da na yi wa riƙon sakainar kashi, shi ne ya kwantar da mu kwana uku a hanya.

Allah Ya sa mu gane, amin.