Gona ba dawa ba ce

Ranar Talata ƙanena ya kira ni daga ƙauye muryarsa na rawa. 'Yan farauta ne suka sauka da a-kori-kura biyu da garken karnuka, suka tsallake shingen gonarsa suna bin gafiya. Da ta faɗa rami sai suka cinna wuta, iskar hunturu ta ƙarasa aikin. Harawar wake ta tafi, tarin kara ya tafi, haka dashen mangwaron da ya shekara uku yana shayarwa da jarka. Da ya yi magana, wani yaro da bai kai ɗan farinsa ba ya gyara riƙon bindiga ya ce, "Baba, dawa ai ba ta da mai ita."

Ni jikan maharbi ne, don haka kada wani ya ce ƙin sana'ar nake yi. A gidanmu na ga yadda ake koyonta. Yaro sai ya yi shekaru yana ɗaukar gora da jaka, yana riƙe igiyar kare, kafin a yarda ya taɓa albarushi. Kakana ya taɓa korar wani almajirinsa daga fita har ƙarshen rani, laifinsa kawai ya juya bakin adaka wajen mutane yana dariya, kuma ba a ma ɗura ta ba. Ita adaka in an ɗura ta, ɗurarriya ce har sai an harba, shi ya sa tsofaffi ba sa shiga gari ko taro da ita a haka. In ka cika mata albarushi kuwa, bututun ne zai fashe a hannunka. Ranar farauta sananniya ce, Sarkin Dawa ya sanar, gangi ya zaga, an gaida dagacin duk garin da za a ratsa. Makaranta ce sosai, allo kawai ta rasa.

Yau fa? Maƙeri ya lanƙwasa bututu, yaro ya biya, a cusa mutum talatin a bayan mota da bindigogi a ɗure, bakin wannan a haƙarƙarin wancan, direba kuma yana faɗawa ramuka. 

Abin da muka yar, wasu doka suka mai da shi. Tun 1949 jihar New York ta Amurka ta wajabta wa sabon mafarauci zama aji kafin a ba shi lasisi, sauran jihohi suka bi sahu. A Jamus jarrabawa ce mai wuya, da rubutu da harbi. A Kansas, tun 1995 hukuma ke biyan manoma kuɗi don su buɗe gonakinsu ga masu farauta a ƙafa, a sa alama a san inda aka yarda a shiga. Mu ma muna da dokar bindigogi ta 1959 da ta ce ko adaka sai da izini. Izinin riƙewa ke nan. Wa ya tambayi yaron nan ko ya iya?

Za a ce mafarauta ne suka tsaya wa garuruwa a Adamawa da Borno lokacin Boko Haram, gaskiya ne, kuma wannan bai ba kowa ikon ƙona gonar talaka ba. Na kuma san ciwon Uromi bai warke ba: mafarauta 16 da aka kashe a can a Maris 2025 a hanyarsu ta komawa Kano yin Sallah, kisan zalunci ne da babu uzurin da zai wanke shi. To shugabannin ƙungiyoyin mafarautan da suka yi ta magana a rediyo a lokacin, suna ina idan nasu ne suka yi ɓarna? Katin shaida da kaki kuna rabawa, kuɗin rajista kuna karɓa. Ku zaunar da yaran nan ko na mako guda ne, ku hana kati ga wanda bai iya ɗauke yatsa daga kunama ba, ku sa doka cewa shinge sai da sallama.

Ƙanena ya kai ƙara wurin mai unguwa. An ce masa baƙi ne, ba a san garinsu ba, ya yi haƙuri. Jiya ya aiko a tambayar masa kuɗin dashen mangwaro a birni.